Rigar Sumana da Babu Huji a Jikinta

Duk wanda ya zauna Zongon Yamai farkon shekarun mulkin kai ya san Halidu tela, in bai san fuskarsa ba to ya san tarinsa. Tari ne mai tsayar da hira. Sai ya dafa kan keken ɗinki, ya sunkuya, ya yi ta yi har mai kawo ɗinki ya ji nauyi ya kau da kai. 'Yan unguwa tarin Faransa suke ce masa. In ya lafa sai tsohon ya share hawaye da gefen hula, ya ce, "To, ina muka tsaya? Aljihu ɗaya ko biyu?"

Yana da wani hali kuma da ya sa ake tsokanarsa. In masu jakuna suka biyo layi da ɗanyar ciyawar bakin kogi, wadda Zabarmawa ke kira burgu, sai Halidu ya yi wuf ya ja ƙyauren shago, ya toshe hanci da ƙyalle. Tsohon soja guda, wanda ya ga yaƙin Nasara, wato Turawa, da idonsa, wai ciyawa yake gudu! Mutane su yi ta dariya. Da sun san dalili, wallahi da ba wanda zai buɗe haƙori.

Yana saurayi aka kama shi soja, lokacin yaƙin duniya na farko. A jirgin ruwa ya haɗu da Sumana, wani Bazabarme ɗan bakin kogi, mai dariya kamar ba yaƙi za a kai shi ba. Sumana ya koya masa Zabarmanci, shi ya koya wa Sumana Hausa, suka zama kwano ɗaya, bargo ɗaya. A can ƙasar Faransa aka zuba su cikin ramuka, aka ba kowa takunkumin rufe fuska, sarsan, wato sajansu, ya ce in an kaɗa ƙarfe a sa, kada a cire sai an ba da izini. Ya ce akwai iska mai kisa. Suka ce to, amma a zuci kowa na cewa Nasara da ƙarin gishiri, yaushe iska ta taɓa kashe mutum?

Wata safiya aka kaɗa ƙarfen, suka sa takunkumi, suka lafe. Babu hayaƙin kirki, babu komai. Can sai wani ƙamshi ya ɗan ratso ta gefen takunkumin Sumana. Ya zabura, ya ɗage abin gaba ɗaya, ya ja numfashi har cikin ciki.

"Halidu, burgu!" in ji shi. "Wallahi burgu ce sabuwar yanka! Shaƙa ka ji gida!"

Shekara biyu rabonsa da kogi, ina laifinsa? Halidu ya ɗage nasa don ya daka masa tsawa, ya kuma mayar masa da takunkumin da ƙarfi, shi ma ya shaƙi rabonsa. Yinin nan Sumana lafiya lau, har yana waƙa. Washegari da hantsi ƙirjinsa ya cika da ruwa, ya cika a kan cinyar Halidu, kamar wanda ya nutse alhali yana kan tudu.

Da aka sallame su, Halidu bai nufi garinsu ba. Ya zo Yamai da rigar Sumana a naɗe, don al'adar mutanen ita ce in mutum ya mutu a nesa, abokin tafiyarsa ya kawo wata shaida, sannan a yi zaman makoki, a yi sadaka. Uwar Sumana ta warware rigar a tsakar gida, ta ɗaga ta ga rana, ta juya gaba, ta juya baya.

"Ina hujin harsashi? Ina jinin?"

"Inna, ba harsashi ba ne. Iska ce."

"Iska! Ka bar mini ɗa a hannun Nasara, ka kwaso rigarsa, ka zo kana ce mini iska?"

Ta jefa masa rigar a fuska. Ta ce ɗanta na da rai, ba wanda zai yi masa sadakar mamaci. Har ta koma ga Allah tana jiransa, kuma kafin ta cika ta bar wa 'yarta Kadi, ƙanwar Sumana, wannan wasiyya.

Abin da ya zaunar da Halidu a Yamai ke nan. Ya koyi ɗinki, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, matar ta rasu, gashi ya yi fari. Ita kuwa Kadi ta girma, ta zama mai sayar da yaji da tattasai a Piti Marshe, ƙaramar kasuwar tsakiyar gari. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya bi ta gaban tallarta, ya tsaya, ya gaishe ta da yarensu.

"Fofo, Kadi."

Sai ta ci gaba da auna tattasai kamar kare ne ya gitta. Shekara arba'in da takwas, jama'a! Ni da nake ba da labarin, da ni ne da tun shekara ta biyu na canza hanya. Shi ba zuciya ce ba shi da ita ba. Abin da ke cinsa shi ne Sumana na kwance a ƙasar sanyi, ba wanda ya taɓa raba ko masa ɗaya da sunansa, kuma ba hurumin baƙo ba ne ya yi sadakar sai dangi.

Autarsa Hajjo ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta samu aikin buga takardu da mashin a wani biro, wato ofis, na gwamnati. Wata rana da azahar ta biyo shago da abincinsa, tana ta mita.

"Baba, yau sau huɗu Mushe, shugaban bironmu, ya sa na sake buga takarda ɗaya. Wai ƙasashen waje za ta, ko ɗigo ba a so ya kauce."

"Takardar me ce haka mai sarauta?"

"Wata tsohuwar yarjejeniya ce da aka ƙulla a birnin Janeba bayan yaƙinku. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe su shiga, su ƙarfafa ta. A da Faransa ce ta sa hannu a madadinmu, yanzu mu za mu amsa da bakinmu. Wai an haramta yaƙi da iska mai guba, mai shaƙe mutum."

Ƙafar Halidu ta tsaya cak a kan keken.

"Sake faɗa."

Ta sake. Tsohon ya cire hula ya aje a gwiwa. Ashe an sani! Ashe manyan duniya, masu jiragen ruwa da igwa, waɗanda ba sa jituwa ko a kan gaisuwa, sun zauna a ɗaki ɗaya saboda abin da ya kashe Sumana, suka rubuta sunansa, suka ce wannan kam ya wuce gona da iri. Shi yana nan Zongo ana ce masa maƙaryaci mai tsoron ciyawa, can kuwa ƙasashe na ta aika wa juna wasiƙu a kan maganarsa. Kuma yau takardar ta ratso teku da hamada, ta faɗo ƙarƙashin yatsun 'yar da ya haifa.

"Allahu Akbar," ya ce a hankali. "Ƙasa nawa, Hajjo?"

"Da yawa, Baba. Har da waɗanda suka harba muku ita."

"Har su?"

"Har su."

Ya daɗe yana girgiza kai, yana kallon hannuwanta kamar bai taɓa ganinsu ba.

Hajjo ta roƙi Mushe, ya ce ai yarjejeniyar ba asiri ba ce, ya ba ta kofi. Ran Juma'a Halidu ya ciro rigar daga ƙasan adaka. Tela ne, riguna dubu sun bi ta hannunsa ya toshe musu huji, wannan kaɗai ce rashin huji ya zame mata aibi. Suka nufi Piti Marshe shi da 'yarsa.

Wannan karon bai yi gaisuwa ba. Hajjo ce ta durƙusa gaban tallar.

"Gwaggo, ki yi mini haƙuri, karatu zan yi miki."

Ta karanta da Faransanci, tana mayarwa Zabarmanci layi-layi. Masu tallar albasa da na daddawa suka matso. Kadi ba ta ɗago ba, amma hannunta ya bar auna tattasai. Da Hajjo ta kai ƙarshe, tsohuwar ta karɓi takardar, ta shafa rubutun da yatsa duk da ba ta iya karatu ba.

"Duniya duka ta san da wannan iska?"

"Ta sani, Gwaggo. Shi ya sa ake son kowace ƙasa ta rantse ba za ta yi amfani da ita ba."

"Kuma ba ta huda riga?"

"Ba ta hudawa."

Kadi ta aje takardar. Sai ta yi tambaya, idonta na kan tattasai, amma kowa ya san ba Hajjo take tambaya ba.

"In an ba shi abin rufe fuska, me ya sa ya cire? Yayana ba wawa ba ne."

Tun ranar da aka jefa masa rigar ba wanda ya bari ya kai nan a labarin. Tari ya taso masa, ya danne.

"Ƙamshinta ne ya yaudare shi. Ya ce burgu ce sabuwar yanka. Ya ce in shaƙa in ji gida."

Mudun da ke hannun Kadi ya suɓuce, tattasai ya watse a ƙasa.

"Shi ke yanko wa dokin babanmu burgu kowace safiya," ta ce. "Yakan tura fuskarsa cikin damin yana shaƙa, Inna na yi masa faɗa wai sai ka ce akuya. Wannan ba ka isa ka ƙirƙira ba."

Ta miƙo hannu biyu. Halidu ya ɗora mata rigar. Ta rungume ta a ƙirji, ta saki kukan mutuwa a tsakiyar kasuwa, tsohuwa mai jikoki tana kiran yayanta, matan kasuwa suka kewaye ta suna salati.

Ran Lahadi aka yi sadakar Sumana a gidanta. Aka soya masa, aka dama fura, malamai suka yi addu'a. Halidu ya iso da hantsi, ya tsaya a bakin zaure don ba a ce masa ya shigo ba. Kadi ta fito da kanta, riƙe da faifan masa.

"Fofo, Kadi," ya ce, kamar kullum.

"Ngoyya, Halidu," ta amsa. "Shigo ka zauna cikin dangi, kai za a yi wa gaisuwar."