Ƙofar da Katanga Ya Ƙera

Yayana mai walda ne, kuma duk unguwa Katanga ake ce masa. Ni da ƙanenmu Auta ne kawai muke kiransa Yaya, shi ma Autan sai in yana neman wani abu. Sunan ya samo shi ne tun yana saurayi, lokacin da yake buga baya a wasan ƙwallo a filin bayan makaranta. Ba ya gudu, ba ya yanka, bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba ko a mafarki. Aikinsa ɗaya ne, ya tsaya. Yana da wata magana da yake yi kafin a take wasa, har samarin unguwa suka haddace ta: "In ƙwallo ta wuce, mai ita ba zai wuce ba." Ƙafafun da ya aika gida a kafaɗar mutane, Allah kaɗai ya san adadinsu. Inna ta ba iyayen yara haƙuri har bakinta ya gaji.

Auta kuwa ciki ɗaya ne ya haife su, amma hali kowa da nasa. Siriri ne, ɗan gaba, mai son a kalle shi. Da ya girma sai ya buɗe shagon aski, ya kwashe duk iyayin da yake yi da ƙafa ya mayar hannu. Sai ya juya almakashi a ɗan yatsa sau biyu kafin ya taɓa gashi. In ya fitar wa mutum da layin goshi, ka rantse da zare ya auna. Mutane na tsallake shaguna uku su zo su yi layi a nasa, kuma da wannan hannun na dama yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa mata biyu.

Ni tela ce. Shagona yana kallon gidan kallon unguwa, shagon Yaya yana gefensa, na Auta yana bakin kwana. Na tsani ƙwallo, kuma ina da dalili.

Abin da zai ba ka haushi, ƙungiya ɗaya suke goyon baya. Wata ƙungiya ce can a wata uwa duniya, wadda ba ta ma san an haife su ba. Shekara da shekaru suna zama a benci ɗaya, in an ci su rungume juna, in an sha kashi su dawo gida su ƙi cin abinci tare. Sai ƙungiyar ta kawo sabon koci, wani mai murtukakkiyar fuska, wanda da zarar an ci ƙwallo ɗaya sai ya kira kowa baya, a kulle gida har a tashi. Nasara ta dinga zuwa, ci ɗaya mai ban haushi, mako bayan mako. Daga nan gidan kallo ya rabu biyu. Bencin dama na mutanen Yaya ne, masu cewa kofi ake nema ba rawa ba. Bencin hagu na mutanen Auta, masu cewa an kashe musu ƙungiya.

"Wannan ba wasa ba ne, gadi ne," in ji Auta. "In gadi nake son kallo, ai sai in je bakin banki in zauna kyauta."

"Kai yaro ne," Yaya zai ce. "Wanda bai kulle gidansa ba, ba ya zuwa ƙwanƙwasa na wani."

"To ku kulle, Yaya, ku haɗiye mabuɗin."

Tun ana yi da dariya har aka daina. Akwai wani mai facin taya da ake ce wa Mai Faci, ƙato, wanda ya ɗauki Yaya tamkar ubansa a harkar ƙwallo. Duk abin da Yaya ya faɗa, shi zai maimaita da ƙarfi, ya ƙara da zagi. Wata rana musu ya yi zafi, Auta ya wurgi Mai Faci da kwalbar lemo, ya kauce, ta sami Yaya a baki. Haƙorin gaba ya tafi. Yaya ya tofar da shi a tafin hannu, ya dube shi, ya dubi ƙanensa, ya rantse ba zai sake taka gidan kallon ba muddin Auta na ciki. Daga ranar ya koma sauraron wasa a rediyo cikin shagonsa. Sun daina gaisawa. In sun haɗu a gidan Inna, ɗaya ya shiga ɗaki, ɗaya ya fita, ni ce a tsakiya ina kai saƙo kamar 'yar aike da furfurata.

Yanzu sai in faɗi maganar ƙofar. Kafin wannan rigima, ɓarayi sun taɓa ɓalle gidan kallon suka ɗauke talabijin. Mai gidan, wanda ake ce wa Manaja, ya zo wurin Yaya ya ce a yi masa ƙofar da ba ta ɓalluwa. Ai kuwa an sosa wa Yaya inda yake masa ƙaiƙayi. Ya samo ƙarfe mai kauri ya ninka biyu. Ya binne gindin ƙofar cikin siminti. Wajen rataya kwaɗo ya yi masa akwatin ƙarfe daga waje, yadda zarto ko guduma ba za su kai gare shi ba. Ta ciki kuwa bai sa sakata ba, bai sa mariƙi ba, don a cewarsa ɓarawo kan ɓuya a ciki ya buɗe wa 'yan uwansa. A sama ya bar 'yar taga don iska, ya gitta mata sanduna ƙunci-ƙunci. Tagogin ɗakin ma duk ya toshe su da ƙarfe.

Ranar da aka kafa ta, Auta ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce, "Yaya, wannan ai kocinka ne ka ƙera."

Yaya ya ji daɗin maganar, ya ɗauke ta yabo.

Shi kuma Manaja yana da ɗabi'a. Da an take wasa sai ya fito ya datse ƙofar da kwaɗo daga waje, don kada 'yan leƙe su sulale ciki, ya zauna a kan benci da mabuɗi a aljihu har hutun rabin lokaci. Kowa ya san haka, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Masu kallo ma so suke, wai ba a dame su da shige da fice.

Ranar wasan ƙarshe na kofi, da la'asar ne, rana na dukan kwano. Babu wuta tun safe, janareta ake amfani da shi. Ɗakin ya cika har ana zama a cinyar juna. Bayan hutun rabin lokaci, ina kan keke ina ɗinki na ga Manaja ya sake kullewa, ya leƙa tankin janareta, ya girgiza kai, ya ɗauki jarka ya hau babur neman mai. Mabuɗin na aljihunsa.

Ba a daɗe ba ɗakin ya ɗauki ihu, ƙungiyarsu ta ci ɗaya. Har daga shagon Yaya na ji ya buga guduma a kan teburinsa don murna. Abin da ya biyo baya, waɗanda ke ciki ne suka ba ni labari. Kocin ya yi abin da ya saba, ya kira kowa baya. Ƙwallo ta zo a doka ta sama, ta dawo a sake doka ta. Bencin hagu suka fara tsaki. Auta ya jure, ya jure, sai ya haye kan benci ya ɗaga hannu biyu.

"Allah ka sa a farke! Allah ka sa a ƙara mana biyu, a kori wannan maigadin mu huta!"

A wajen waɗannan mutane, ka zagi uwar mutum ya fi sauƙi da ka yi wa ƙungiyarku addu'ar faɗuwa ranar kofi. Mai Faci ya tsallako benci uku ya shaƙe shi. Wani daga hagu ya fasa wa Mai Faci kwalba a ka. Shi ke nan.

Ni dai abin da na ji daga waje, ban taɓa jin irinsa ba. Katako na karyewa, kwalabe na fashewa, manyan maza na kuka da murya irin ta awaki. Ƙofar ta fara amsa duka daga ciki, dum, dum, mutane na son fita. Na yar da ɗinkin na ruga ba takalmi.

Sai ga hannu ya fito ta 'yar tagar ƙofar. Ko cikin dubu zan gane shi, da zoben azurfa a ƙaramin yatsa. Auta ya tura shi tsakanin sandunan har gwiwar hannu, yana lalube, yana neman kwaɗon da ba zai taɓa kaiwa ba. Fuskarsa na manne da ƙarfe, jini ya rufe masa ido ɗaya.

"Yaya!" yake kira. "Yaya Katanga!"

Wata uku bai ambaci sunan ba.

Na kama hannun na riƙe. A bayansa na ji an ɗauki waƙa, da tafi da buga ƙafa: "In ƙwallo ta wuce, mai ita ba zai wuce ba!" 'Yan bencin dama suka kama ƙafafunsa suna ja. Hannun ya shiga tsakanin sandunan da ƙyar, yanzu ya ƙi fita. Suna ja, ina ja, ina zaginsu da duk zagin da na sani. Wani ya ɗaga ƙafar benci ya sauke a kan damtsen, daidai inda ya gitta ƙarfe. Na ji ƙarar a cikin tafin hannuna kafin in ji ta da kunne. Ya sake saukewa. Yatsun da ke riƙe da nawa suka saki.

Ban san lokacin da Yaya ya iso ba. Na dai ga an ture ni gefe, ga shi da babbar guduma. Ya ji waƙar, na ga ya ji ta, don fuskarsa ta koma toka. Ya ɗaga gudumar ya sauke a kan akwatin kwaɗon. Ko gezau. Ya sake, ya sake, tartsatsi na tashi, fenti kawai ke zuba. Wani ya ce a kawo injin yankan ƙarfe, wani ya ce da wace wutar? Yaya ya jingina goshi da ƙofar yana haki, hawaye na bin gemunsa.

"Ba za ta buɗu ba," ya ce mini. "Ni na yi ta. Wallahi ba za ta buɗu ba."

Sai ya ja da baya, ya dubi bangon da ke gefenta. Bulo ne irin na gidan haya, yashi ya fi siminti yawa. Ya sa masa guduma. Duka kaɗan bulo ya fara zubowa kamar garin alli. Ya buɗa rami daidai kafaɗarsa, ya yar da gudumar, ya kutsa kai.

Mutumin da ya yi rayuwarsa duka yana tsaye a baya, ran nan gaba ya yi. Bai tambayi waye na dama waye na hagu ba. Wanda ya tare shi, ya ɗaga shi ya maka da bango. Mai Faci ya juyo, kansa na jini, ƙafar benci a hannu, yana murmushi, a zatonsa ubangidansa ya zo taya su.

"Maigida, ga shi nan, mun hana shi wuce..."

Bai ƙarasa ba. Har yau Mai Faci da gefe ɗaya yake tauna.

Yaya ya tallafo Auta ta baya, ni daga waje ina tura hannun a hankali ta tsakanin sanduna, yana lanƙwasa ta inda bai kamata hannu ya lanƙwasa ba. Ya fito da shi ta ramin a kafaɗa. Mutane suka biyo su suna tattaka juna, wani ba riga, wani kunne a yage. Kuma wallahi, ina faɗa ne don na gani, akwai waɗanda suka tsaya a ciki, a kan fasassun kwalabe, suna jiran a busa tashi. Muna sa Auta a mota na ji sun ɗauki sowa. Daidai nan Manaja ya dawo da jarkarsa, yana tambayar wa ya fasa masa bango.

A asibiti likita ya ce ƙashi zai haɗu, amma jijiyar ta tsinke, yatsun ba za su sake damƙe komai ba. Yaya na tsaye a bakin gado, ya kasa zama. Da Auta ya farfaɗo, ya dubi silin, ya dubi hannun da aka naɗe, sannan ya dubi yayansa.

"Nawa aka tashi?"

 Sai da ya sake tambaya kafin Yaya ya amsa.

"Ɗaya da nema. Mun ɗauki kofi."

"To barka," Auta ya ce. "Kun tsare gida."

Na so a ce zaginsa ya yi. Yaya ya fita baranda, na ji yana kuka kamar ranar da Baba ya rasu.

Da kansa ya je ya cire ƙofar, ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Rediyon ya ba wani mai gadi. Duk ƙofar da ya ƙera yanzu sai ya sa mata sakata ta ciki, ko mai ita ya so ko ya ƙi. In an ja musun ƙwallo a gabansa, sai ya sauke gilashin walda a fuska ya kunna inji.

Auta ya koma shago, yana koyon aski da hagu. Masu layi sun watse, ba wanda zai ba da kansa a yi gwaji, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ɗaya ne ke zuwa kullum da safe, ko gashi ya tsiro ko bai tsiro ba. Kan Yaya yanzu duk tabo ne, layin goshinsa a karkace, yara na yi masa dariya a hanya. Jiya na kai musu shayi na tarar Auta ya dafe masa kai da mataccen hannun, aska a hagunsa, jini na gangarowa ta bayan kunne.

"Yaya, don Allah kada ka motsa."

"Yi aikinka," Yaya ya ce, idonsa a rufe. "Yaushe ka taɓa ganin na motsa?"