Kakiden Gwaggo

Har yau in na ji warin kakide raina ɓaci yake yi, ko a gidan wa ake suyar.

Babanmu dillalin albasa ne a Wurno, mutum mai jiki, in ya zauna a kan buhu sai buhun ya san an zauna masa. Duk inda aka yanka sa a unguwarmu, tozo nasa ne. In ya je kasuwar Goronyo mahauci ba ya ma tambayarsa, wajen kitsen yake yankar masa. Haka muke girmama babba. A gida kuwa, tun rasuwar innarmu, ƙanwarsa ce ke riƙe da tukunyarsa, muna ce mata Gwaggo. Duk layya takan tsiyaye man da ya fita daga suyar nama ta tara a wani kwano mai murfi, ya daskare fari fat, ta yi watanni tana ɗiba da cokali tana narka masa a miya.

Ina aure a Rabah, ina koyarwa a can, lokacin da ya fara yawan ƙishirwa da jiri. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likitar da ta duba shi, wata Kirista 'yar Filato, ta ce ciwon suga ne da hawan jini, ta ba shi magani.

"Baba, ban ce ka bar mai duka ba," in ji ta. "Wanda ke daskarewa a kwano za ka bari, kitse da kakide da man shanu. Ka koma man gyaɗa kaɗan, da kifi da wake da zogale. Tuwon ma a rage."

Ya kuwa ji. Da hutu ya zo na dawo gida na karɓi tukunyar. Tumbin ya fara sauka, jirin ya tafi, har fadama yake zuwa da ƙafa. Ni sakarya ina ta murna, ban san mutanen gari na nasu lissafin ba.

A ƙofar masallaci aka fara. "Alhaji, mi yas same ka? Duk ka lalace!" Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce ciwon da ba a faɗa ne. Manoman Tursa da suka yi shekaru suna kawo masa albasa suka koma wurin wani dillalin, wai wa zai damƙa amfanin gonarsa ga mutumin da riga ke yi wa yawa. Mutum yana samun lafiya, su kuma suna yi masa jaje!

Gwaggo ta tare ni a madafa.

"Ke ɗiyag ga, ba ki jin kunya? Uban da yac cishe ki kika ba miya awa ruwan wanki? Gari duk ana hwaɗin mun bar shi da yunwa."

"Gwaggo, likita ta hana."

"Likita ta haihe shi?"

Na kai ƙara wurin Baba, ina zaton zai tsaya mini. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Uwata, ciwon ga ban ganin shi. Idon mutane kau kullum ina ganin shi."

Hutu ya ƙare na koma Rabah, kwanon ya koma mazauninsa kusa da murhu. Kafin wata layyar Baba ya cika rigarsa, masu jaje suka koma yabo: "Yanzu munka ga Alhaji!" Albasar Tursa ta dawo. Ni kuwa na zama 'yar boko mai rowar mai. In na yi magana a waya sai Gwaggo ta ce yana shan maganinsa ai, mi kuma nika so.

A kasuwar Goronyo ya faɗi, tsakanin buhuna. Aka kawo shi ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Bai ƙara kiran sunan kowa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Wurin zaman makoki ina ji da kunnena mata suna cewa, "Masha Allahu, da jikinai yat tahi, bai wulaƙanta ba." Na so in tashi in ce musu ku kuka kashe shi da bakinku, amma gidan rasuwa ne, kuma ubana ne.

Ranar da za mu koma Rabah ni da mijina, Gwaggo ta biyo ni zaure, idonta a kumbure, don duk duniya ba wanda ya kai ta son Baba. Ta fito da kwanon daga cikin mayafi.

"Ungo, saura na. Ki dinga sa ma mijinki. Na gane shi wurin gaisuwa, duk ya bushe. Kar a ce ba ki iya riƙon miji ba."

Na karɓa da hannu biyu, don babba ce. A mota na ɗora shi a cinya. Mijina ya leƙo ya ce mene ne wannan.

Na ce, "Abin da ya kashe Baba ne. An ba ni in kawo maka."