Gudajin Dankalin Gwaggo

Jiya a Vénissieux, nan Faransa, ina matse kokwamba da gishiri don haɗa salat sai marigayiya Gwaggo ta faɗo mini a rai. A gidan abincin 'yan Japan da ta yi wa aiki a Paris ta koyi salat ɗinsu na dankalin turawa.

Ranar da na taya ta, na kirɓe dankalin sumul kamar sakwara. Ta fizge muciya ta kwaɗa mini a yatsa, ta yi jifa da kwanon, mayonez har bango.

"Ke! Tuwo na sa ki? A bar masa gudaji!"

Har yau yatsan nan a karkace yake, salat ɗina kuwa da gudajinsa. Allah Ya sassauta miki, Gwaggo, fiye da yadda kika sassauta mini.