Tuwon da Na Kai wa Baba Ɗaki

A shekarun da nake buga tafireta a wani kamfanin sayen gyaɗa da ke bakin Sabon Gari, a Fagge nake haya, ni da matata. Ban kai talatin ba, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Turawa sun fara shirin tafiya, ana ta cewa kujerunsu za su koma hannun 'yan ƙasa, ni kuwa na sha alwashin sai na zauna a kan ɗaya. Akwai jarrabawar zama babban akawu, ita na sa a gaba, har cin abinci ma gani nake ɓata mini lokaci yake yi.

A layinmu muna ciyayya. Da an idar da sallar magariba kowa zai shiga gida ya fito da kwanonsa, mu haɗu a ƙofar wani dattijo mai sayar da kanwa, mutumin Barno da ya tsufa a Kano, duk muna ce masa Baba. Mu uku ne masu kwano: ni, da wani tela, da wani direban babbar mota. Baba ba shi da kwano. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a Nguru, ba mai ɗora masa tukunya. Nasa shi ne shimfiɗa tabarma, da ruwan wanke hannu, da goron da zai fasa mana in an gama. Shi ke buɗe kwano, shi ke kushe miya in gishiri ya yi yawa, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa ciyar da shi ake yi. Amma dukanmu mun san ranar da ba a zauna a tabarmar nan ba, da yunwa Baba zai kwana.

Telan ya tashi ya koma cikin gari. Direban kuwa sai ya yi kwana biyar a hanya. Yawancin ranaku kwanona ne kaɗai ke fitowa, daga ni sai Baba.

A daidai lokacin na samu wani malamin makaranta, Kirista daga wajen Zariya, yana koyar da Turanci da lissafi a ɗakinsa a Sabon Gari tsakanin magariba da isha. Na fara cin tuwo ina duba agogo. Baba kuwa ba ya gaggawa, sai ya gutsuri loma ya ajiye ya kawo labarin raƙuma.

"Malam akawu," ya ce mini wata rana, "wa ya biyo ka ne?"

"Ba kowa, Baba. Jarrabawa ce ta matso."

"Na ga duk ka rame, ka daina dariya. Kujerar nan in ka hau ta, wata za ka hango a gabanta. Ni ma na yi irin wannan gudun a kan kanwa, na tara, ta tafi. Ka yi karatunka, ban hana ka ba, amma ka riƙa zama ka ci abinci kamar mutum."

Na ce to, a zuci kuwa haushi na ji. Na ce tsohon da bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, me ya sani game da ci gaba?

Sai na yi wata dabara, har ina yaba wa kaina. Na ce wa matata ta riƙa raba tuwo biyu. Ta dube ni ta ce, "Anya Baba zai karɓa?" Na ce mata ta yi abin da na sa ta. Washegari na cinye nawa a tsaye, na ɗauki nasa. Na tarar ya riga ya shimfiɗa tabarma a ƙofa ya shiga ɗauko ruwa. Na bi shi har ɗaki na dire masa kwanon, na ce ga nasa nan, ni na yi latti. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Na haye kekena.

Da safe ya yi sallama da kansa ya miƙo kwanon a rufe, ko taɓawa bai yi ba. Ya ce a yi wa uwargida godiya, jiya a ƙoshe yake. Kwana uku ina kaiwa yana dawo da shi. A na huɗu raina ya ɓaci, na ce girman kai ne, tunda ba ya so a bar shi. Ni da aka haifa a Kano, na san sarai abincin da aka ci tare a tabarma rabon mutum ne, wanda aka bi shi da shi ɗaki kuwa sadaka ce. Na sani, idona ne ya rufe.

Daga nan ya daina shimfiɗa tabarma. Nakan wuce shi a ƙofa in gaishe shi daga kan keke, ya amsa da fara'a. Na lura wuyansa ya yi tsawo, rigarsa ta yi masa yawa, na ce bari dai in gama jarrabawa, komai zai koma daidai. Wata biyu ne kawai.

Na ci jarrabawar. Ranar da sakamako ya fito na biya kasuwar Sabon Gari na sayi kaji biyu, na ce yau za a yi ciyayya irin wadda ba a taɓa yi ba. Na iso na tarar da ƙofar Baba a kulle da kwaɗo. Direban ne ya fito ya gaya mini cewa tun shekaranjiya ya raka shi tashar jirgin ƙasa, ya tafi Nguru wajen 'yarsa. Mutumin da ya sha faɗa mana ba zai taɓa zama a gidan suruki ba.

"Sai da na riƙe shi ya hau jirgi," in ji direban. "Ba ƙarfi a jikinsa. Ya ce in gaishe ka, in ka ci jarrabawar ya taya ka murna."

Na yi niyyar zuwa Nguru, sai sabon aiki ya riƙe ni, na ce sai hutu. Kafin hutu ya zo labarin rasuwarsa ya iso. Na riƙe kujerar shekaru, na hau wadda ke gabanta ma, amma har yau in na tuna rabin sa'a kawai tsohon nan yake nema a wurina, kunya ce ke kama ni.