Manomin da Ya Roƙi Allah Kada a Yi Ruwa

Ke 'yar nan, kin taɓa ganin manomi ya ɗaga hannu sama a tsakiyar damina yana roƙon Allah kada a yi ruwa? Ni na gani. Ƙanena ne, Auta, wanda kike tambayata labarinsa. Matso nan kusa, idan na ɗaga murya tari ke taso mini.

Auta a bayana ya girma. Yana da wata bakwai uwarmu ta rasu, ni kuwa ko zani ban iya ɗaurawa da kyau ba aka ɗora mini shi. Har ya yi furfura bai taɓa kama sunana ba, sai Yaya. Bai yi makaranta ba, kamar ni. Amma a gona, hmm! Idan Auta ya yi shuka sai ki ga masu wucewa sun tsaya suna kallo. Taku ɗaya ya sara, ya jefa iri, ya take, wani takun ya sara. Ki rantse da igiya aka auna. Ba abin da ya tsana irin cunkoso a gona. Idan ya bi ta gonar wani ya ga shuka ta fito a matse, shiga yake ya rage masa, ba wanda ya sa shi. Wai shuka ma tana so ta miƙe ƙafa.

To gonar tasa kwazazzabo ne ya cinye ta. Da farko fa 'yar hanyar ruwa ce, yaro ma yana tsallake ta. Ruwan daga tudun ƙetaren iyaka yake gangaro mana, inda aka sare itatuwa kaf. Mu ma mun sare namu, kada in ɗora wa wasu laifi su kaɗai. Shekara bi shekara ramin yana buɗe baki, har ya kai idan babbar mota ta faɗa ciki ba za a hango ta ba. Auta yana ji yana gani gona ta tafi, kunya ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta riga shi, 'ya'yansa biyu sun tafi neman abinci birni. Shi ne hedimasta ya ɗauke shi gadin makaranta.

Makarantar aji uku ce da ɗan ofis. Auta ne mai shara, shi ne mai buɗe ƙofa, shi ne mai korar awaki, shi ne mai gyara bencin da ya karye. Idan ya gama, sai ya jingina da taga yana sauraron karatu, bakinsa na motsi. Nakan ce masa, "Kai tsoho, aji nawa kake yanzu?" Ya ce, "Yaya, shekara goma sha biyu ina aji ɗaya, sun ƙi ciyar da ni gaba."

Ramin nan da ya ci gonarsa, shi ne ya biyo shi makaranta. Kullum damina ta wuce sai Auta ya sa baya a bangon ajin ƙarshe ya taka zuwa bakin rami yana ƙirgawa. Shekarar farko taku arba'in. Can sai ashirin da shida. Ban ɗakin yara ya rufta wata rana da hantsi, Allah ya taimaka ba kowa a ciki. Da aka kai taku goma sha ɗaya, sufeto mai duba makarantu ya zo, ya leƙa ramin, ya ja da baya. A gaban Auta ya gaya wa hedimasta, "Ranar da ya rage taku biyar, zan sa kwaɗo a ƙofar nan. Ba zan bari gini ya danne 'ya'yan mutane ba." Makarantar da ke biye kuwa tafiyar awa biyu ce a ƙasa. Wane ɗan shekara shida ne zai yi ta? Auta ya dawo gida ranar ko abinci bai taɓa ba. Ya ce, "Yaya, ya ci gonata na haƙura. Wannan kuma in ya ci, ina zan sa kaina?"

Ana nan sai muka ji an yi wani taro na malaman makarantun da ke bin ruwan nan, namu da na ƙetare, har da wata ƙasa ta uku can sama. Wai tunda ruwa ɗaya ke cin su, su haɗa kai, kowa ya koya wa yaransa yadda ake riƙe ƙasa, wanda yake da iri ya ba wanda ba shi da shi. Bayan 'yan kwanaki wata Malama ta zo daga ƙetare a kan babur, 'yar siririya, an ɗaure mata buhuna a baya. Jema ce a ciki, ciyawar nan mai doguwar saiwa. Ta ce tasu makarantar ma saura kaɗan ta tafi, ciyawar ce ta tsayar da ramin.

Aka tara yara da malamai a ƙarƙashin bishiya. Ta kawo kwano biyu cike da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya da ciyawa, ta zuba musu ruwa, yara na ta ihu. Auta fa? Auta an aike shi aro kujeru. Ya dawo aka aike shi ɗebo wa baƙi ruwan sha. Ya dawo aka ce ya tsare babur. Daga nesa yake hango ta tana ɗaga yatsu tana magana, bai ji komai ba. Ba wanda ya yi tunanin ya kira shi. Ai shi mai gadi ne, karatu na yara ne.

Yara suka dasa ciyawar layi biyu a gicciye, a matse kamar gashin kai. Kafin su kai rabin bakin ramin iri ya ƙare. Malama ta ce za a aiko da saura, ta hau babur ta tafi. Washegari kuma aka ba da hutun mako ɗaya.

Auta ya tsaya a kan layin nan yana dubawa. Nan rabi a cunkushe, can rabi ba ko tsinke, ga hadari na haɗuwa kullum da yamma. Ya zo ya same ni.

"Yaya, zo ki ga aikin yara. Ciyawar nan kashe junanta za ta yi."

Na je na gani. Wallahi ni ma da na duba na ce, "Haba! Wannan ai ɓarnar iri ne." Kin ji, da bakina na faɗa. Dattawan unguwa da suka leƙo, su ma haka suka ce.

Kwana huɗu ya yi yana cirewa yana sake dasawa, taku ɗaya tsakani, irin shukarsa ta gona. Ni nake kai masa ruwa a bokiti. Wasu yara suka zo wucewa, suka ce, "Baba Mai Gadi, Malama fa ta ce yatsa huɗu tsakani." Ya yi dariya har da riƙe ƙugu. Ya ce, "Ku tafi can, tun ba a haifi ubanninku ba nake shuka." Da ya gama, ciyawa ta zagaye bakin ramin daga wannan kai zuwa wancan, tsaf da ita, gwanin kyau. Rabona da in ga ya ci abinci da yawa irin na ranar, na manta.

Ruwan ya sauko ana gobe za a koma makaranta, da azahar. Auta yana tsaye a barandar aji yana kallo. Ruwa ya taho ja wur, ya iso layin, bai ko tsaya ba. Kowace tazara da ya bari ta zama ƙofa. Ruwan ya matse ta ciki yana yanka ƙasa kamar da wuƙa, ciyawar tana tuntsurawa ɗaya bayan ɗaya tana bin rami. Sai wani ƙaton gefe ya yanke gaba ɗaya, Auta ya ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarsa. Da aka ɗauke, ya sa baya a bango ya taka. Shida. Ya koma ya sake, yana rage takun. Shida dai.

Hedimasta ya kira Malama a waya, kwana biyu sai ga ta. Ta tsaya tana kallon abin da ya rage, ta juyo.

"Wa ya taɓa layin nan?"

Auta ya cire hularsa.

"Ni ne, 'yata."

"Baba! Don me?"

"Na ga ta matse. Na ce ba za ta yi ƙiba ba."

"Wa ya ce maka ƙiba muke so? Katanga ce fa, Baba! Saiwa ta kama saiwa, ruwa ya rasa ta inda zai bi, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Ba ka ji abin da na faɗa ba?"

"Ina tsaron babur ɗinki."

Sai ta durƙusa a cikin taɓo da zaninta mai kyau, ta kamo hannunsa, ta kwantar da yatsunsa huɗu a ƙasa, ta dasa ɗaya a nan ɗaya a nan. Ta ce, "Yafe mini, Baba. Na koyar da masu tafiya hutu, na bar mai kwana da wurin."

Ta ce akwai sauran iri a lambun makarantarsu, amma motar da za ta kawo sai an gama takardun iyaka, mako uku ko fiye. Sufeto kuwa ya aiko cewa nan da kwana goma zai zo. Auta ya ce, "Idan mutum ya zo da kansa fa?" Ta ce ba wanda zai hana shi.

Keken maƙwabci ya ara. Ya fita da sassafe, ba zai isa can ba sai rana ta take tsaka. Yaran makarantar Malama su haƙa masa, su cika buhu biyu, ya ɗaure, ya turo keken da ƙafa don ba ya hawuwa da kaya a tudun nan. Masu tsaron iyaka har sun gane shi. Ɗaya ya ce, "Baba tsoho, ciyawa ce ta ƙare a ƙasarku?" Ya ce, "Ciyawa na nan, ɗana, ƙasar ce ke ƙarewa." Suka yi dariya suka ɗaga masa sanda.

Rana ɗaya ya je, rana ɗaya ya dasa. A kan gwiwa yake yi, yana aza yatsu huɗu kafin kowace ɗaya, don ya ce idan ya sake hannun nan nasa da kansa yake buɗewa. Yara da malamai suna taya shi idan an tashi, amma bai yarda kowa ya wuce ba sai ya bi bayansa ya duba. Gwiwoyinsa suka fashe. Ya fara tari, jikinsa zafi rau. Na ce, "Kai Auta, sarkin taurin kai, so kake in binne ka? Ni ce babba, ni ya kamata in riga ka." Ya ce, "Yaya, ki bari sai an kai kusurwa mu yi wannan rigimar."

A kwanakin nan ne na gan shi. Duk gari an ƙosa a yi ruwa, shuka ta fara lanƙwasa, shi kuwa da ya hango hadari sai ya tsaya a bakin rami ya ɗaga hannuwa biyu masu taɓo yana cewa, "Ya Allah, kwana bakwai kawai, ta kama ƙasa. Ya Allah ka riƙe shi." Sai ya juyo ya gan ni, ya sauke hannu da sauri kamar na kama shi yana sata. Ya ce kada in gaya wa kowa. Mutumin da duk rayuwarsa ruwa yake roƙo.

Sau uku ya je ya dawo. A na huɗu buhu ɗaya kawai ya iya turowa. Ya dasa rabi, saura kusurwar bayan aji, wurin da bai fi tsawon tabarma uku ba, sai iska ta taso da la'asar. Na bi shi da mayafi ina kira. Bai ko waiwayo ba. Ruwa na dukansa yana dasawa, ruwa na tumɓukewa yana mayarwa, har sai da hedimasta da wani malami suka ɗauko shi cak, yana ce musu su sake shi. A ɗakina suka kwantar da shi, da rabin buhun a hannunsa, ya ƙi saki sai da na ɓamɓare yatsunsa.

Kwana biyu ya yi. Ƙirjinsa na kuka kamar ana jan ƙarfe a ƙasa. Mai magani ya zo ya yi allura, ya fita yana girgiza kai.

Duk inda ya dasa a matse ya riƙe, kin ji ko. Ciyawar da ko kwana goma ba ta yi ba ta kwanta amma ba ta tafi ba. Kusurwar nan ce ta yanke. Sufeto ya zo da igiyar awonsa kwana ɗaya bayan mun kai Auta makwancinsa, kai tsaye ya nufi kusurwar. Huɗu. Hedimasta ya roƙa, Malama ta zo ta roƙa, ta ce a ba ciyawar damina ɗaya a gani. Sufeto ya ce shi ma ba son ransa ba ne, na ɗan lokaci ne. Ya sa kwaɗo. Shekara tara ke nan. Ciyawar yanzu ta kai ƙirjina, ramin bai ƙara ko tafin hannu ba, ginin yana tsaye, awaki ke kwana a baranda. Manyan yara kaɗan sun ƙetara wurin Malama, can suke zaune. Ƙanana suna gida.

Shi duk bai san wannan ba. Da safen ranar da zai cika na shigo masa da shayi, na tarar idonsa biyu, yana kallon ƙofa. Na ɗago kansa, ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin. Ya riƙe gefen zanina kamar lokacin da yake rarrafe, sai da na kai kunnena bakinsa sannan na ji.

"Yaya, rabin buhun nan yana bayan ƙyaure. Ki yayyafa masa ruwa, kada ya bushe kafin in tashi."