Hatimi na Huɗu

Shekara ashirin da biyu Mai Hatimi ya yi a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, daga shi sai teburi mai gurguwar ƙafa, da reza, da guntayen roba. Sana'arsa sassaƙa haruffa a juye, don in an buga a takarda su fito daidai. Wataƙila shi ya sa bai taɓa karɓar magana yadda aka faɗe ta ba, sai ya juya ta tukuna. Ko matarsa ce ta tarbe shi da fara'a, sai ya fara dube-duben abin da aka fasa a gidan.

Da aka gano wani baƙin dutse mai tsada a bayan gari, rediyo ya yi ta shelar arziki ya zo. Shi dai bai ga hanya ba, bai ga famfo ba. Abin da ya ga ya ƙaru shi ne masu neman hatimi. A shekara guda mutum huɗu suka sa ya sassaƙa na Ofishin Ma'adinai, kowa da takardar izini, kowa na rantsuwa tsohon ne ya ɓata. Ofishi ɗaya, hatimi huɗu! Bai ƙi aikin ba, don yana da iyalin da zai ciyar a gida, amma kowanne sai ya yi masa 'yar alamar da shi kaɗai ya sani. Na huɗun na wani mai zoben azurfa ne, wanda ya ƙi zama, ya ƙi cire baƙin tabarau. Wannan da gani ɓarawo ne, in ji zuciyarsa, sai Mai Hatimi ya tsaga ƙafar harafin ƙarshe na hatimin.

Wata Talata sai ga yayarsa, wadda ke noma gonar da mahaifinsu ya bari, da takarda a ƙulle a bakin mayafi.

"Ƙanena, duba min wannan. Wai in tashi daga gonar Baba nan da wata ɗaya, an ba kamfani."

Bai karanta rubutun ba, hatimin ya duba. Ƙafar harafin ƙarshe a tsage take. Sai ya ji sanyi a ransa.

"Kwantar da hankalinki, Yaya. Na jabu ne."

"Kai ya aka yi ka sani?"

"Na dai sani." Kunya ta hana shi ƙarasawa.

Washegari suka tafi Ofishin Ma'adinai. Suka yi awa uku a kan benci, suna kallon fayil-fayil ɗaure da igiya a ƙasa da fankar da ba ta juyawa. Ya riga ya yanke shawara zai gaya wa shugaban wurin cewa wani ɗan damfara na amfani da sunansu, ko da shi ma za a kama shi. Gonar Baba ta fi masa komai.

Masinja ya buɗe musu ƙofa. A bayan babban teburi, mutumin nan mai zoben azurfa ne zaune, tabarau a gefe, hatimin a kusa da tawada.

"A'a, Mai Hatimi! Aikinka akwai ƙarko, har yau bai dushe ba. Me ke tafe da ku?"

Yaya ta zungure shi da gwiwar hannu. "Faɗa masa mana, ka ce na jabu ne."

Ya juya maganar ta kowane gefe, kamar yadda ya saba, ta ƙi canzawa. Ya naɗe takardar ya miƙa mata.

"Tashi mu tafi, Yaya. Na gaske ne. Da hannuna na sassaƙa shi."