Furfurar Ƙasa daga Tsafe

Ana idar da sallar asuba muka kora jakuna daga Bungudu, ni da ƙanina, za mu Tsafe neman irin dawa. Tun da gulbi ya kwashe fuskar gonarmu, damina biyu ke nan dawa na fitowa rawaya, ko gwiwa ba ta kaiwa. Na riga na ƙudurta, in bana ma haka ne, zan bar gonar ubana in tafi cin rani. Abin yana cin raina ƙwarai.

Mun kwana Gusau. 'Yan kasuwa sun koma ƙyamar kuɗin wuri, sai anini suke so, amma furarsu ta wanke musu laifi. Daga nan hanya ta yi tsakuwa, jakin ƙanina kuwa duk inuwar da ya gani sai ya tsaya gaishe ta.

A gindin duwatsun Tsafe muka sauka wurin gwaggona. Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta ja ni gonarta, ta tuge wani tushen dawa. Wasu fararen zaruruwa sun nannaɗe saiwar, sirara kamar saƙar gizo. Na ce ai funfuna ce, ciwo ya kama shi.

"Funfuna a gonata? Furfura ta, ɗana," in ji ta. "Ƙasar da ta tsufa ka yin ta. Ita ka jawo ma saiwa ruwa da abinci daga inda saiwa ba ta kai. Irinku lafiya lau shi ke, gulbi ya yi ma gonarku aski."

Ƙasar gonarta muka cika mangaloli da ita, har da guntayen saiwa, muka rufe da ɗanyen ganye don rana. A Gusau wani dillali ya leƙa kayanmu, ya ce, "Malam, ƙasar Bungudu ta ƙare ne?" Har bakin gari muna jin dariyarsu.

Mun iso gida ruwa ya sauka. Kowane rami muka zuba tafi guda kafin iri, har ƙasar ta ƙare a tsakiyar gona. Yanzu an yi noma na biyu. Ba ni da ilimin abin, na dai koyi cewa a ƙarƙashin ƙasa ma shuka tana da masu taya ta. Rabin gonar rawaya ne kamar kullum, ɗaya rabin kore shar, ya kai mini ƙugu. Bana ina gida.